Ƙwayoyin bakteriya da neman ƙarfe: yadda suke buɗe ƙofa da rufe ta, da rawar da New York ta taka wajen gano haka

Bakteriya ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya tal, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kusan dukkansu ba sa rayuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda a asibiti ake kira ayon, wato wannan da ake ba mata masu ciki a cikin maganin ƙarin jini. Da shi suke samun kuzari daga abinci, da shi kuma suke kwafar DNA ɗinsu idan za su hayayyafa. Sai dai idan ƙarfen ya yi yawa a cikinsu yakan haɗu da wasu sinadaran da ke fitowa daga iskar numfashi, ya haifar da abin da zai ƙona su daga ciki. Rashinsa mutuwa, yawansa mutuwa: gaba kura, baya siyaki. Saboda haka kowace ƙwaya tana da tsarin da take auna ƙarfen da ke cikinta, ta buɗe hanyoyin jawo shi idan ya yi ƙaranci, ta rufe su idan ya wadata. Wannan tsarin shi ne abin da ke gabanmu, kuma wani babban yanki na tarihinsa a birnin New York aka rubuta shi, ta hanyar cututtuka biyu da jama'armu suka sani sarai: mashaƙo da tarin fuka.

Me ya sa ƙarfe yake wuyar samu

Mutum zai yi mamaki a ce ƙarfe yana wuya, ga jar ƙasa ko'ina cike da shi. Matsalar ita ce da zarar ya sha iska sai ya koma irin na tsatsa, wanda ba ya narkewa a ruwa, kuma ƙwayar bakteriya ba ta iya haɗiyar abin da bai narke ba.

A jikin ɗan Adam lamarin ya fi tsanani. Baligi yana ɗauke da ƙarfe wajen giram 3 zuwa 4, kusan kashi biyu cikin uku nasa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, inda yake ɗaukar iskar numfashi. Sauran ma ba a sake yake ba. Wanda ke yawo a jini, furotin mai suna tiransferin yana riƙe da shi gam. Wanda ke cikin nonon uwa da hawaye da yawu, laktoferin ne ke riƙe da shi. Na ajiya kuma yana kulle a cikin feritin, musamman a hanta. Idan cuta ta shiga jiki, hanta takan saki wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke hana hanji tura ƙarfe cikin jini, ya kuma hana rumbunan ajiya sakin nasu. Jiki da gangan yake sa wa baƙon yunwa. Shi ya sa wanda ya daɗe da ciwo sau da yawa za a gwada shi a ce jininsa ya yi ƙasa, alhali yana cin abinci.

A New York aka fara ganin wannan dabara ƙarara. A 1944, Arthur Schade da Leona Caroline suka nuna cewa ɗanyen farin ƙwai yana hana ƙwayoyin cuta girma, har da masu kawo atini, amma idan aka zuba masa ƙarfe sai ƙwayoyin su ci gaba da hayayyafa kamar ba a yi komai ba. A 1946 suka gano irin wannan furotin mai riƙe ƙarfe a cikin jinin mutum, shi ne tiransferin da aka ambata a sama.

Su kuma ƙwayoyin ba su naɗe hannu ba. Da yawansu suna ƙera wasu ƙananan sinadarai da ake kira sidarofo, ma'anar sunan "mai ɗaukar ƙarfe". Suna sakin su waje kamar yadda ake jefa ƙugiya cikin rijiya idan guga ya faɗa, su kamo ƙarfen, wani lokaci ma su fizge shi daga hannun tiransferin, sannan su shigo da shi ta wasu ƙofofi na musamman da ke jikin fatar ƙwayar. Wasu ƙwayoyin, kamar mai kawo sanƙarau, ba sa ma jefa ƙugiya. Suna kama tiransferin ɗin kansa ne su zare ƙarfen. Wasu kuma fasa jajayen ƙwayoyin jini suke yi su kwashe abin da ke ciki.

Mai gadin da ba ya zama sai da ƙarfe a hannu

Ƙera ƙugiyoyi da ƙofofi aiki ne mai cin ƙarfi, kuma barin su a buɗe kullum haɗari ne. To ta yaya ƙwayar da ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa, take sanin lokacin da za ta fara da lokacin da za ta daina?

DNA kamar doguwar takarda ce da aka rubuta umarnin ƙera kowane abu a jikinta. Kowane sashe mai ɗauke da umarnin abu ɗaya shi ake kira ƙwayar gado. Kafin a ƙera wani abu, sai wani inji na cikin ƙwayar ya zo farkon sashen ya kwafi rubutun. Idan aka tare masa hanya a nan, ba abin da za a ƙera.

A cikin bakteriyar hanji da ake kira E. coli, da danginta masu yawa, akwai furotin mai suna Fur. Aikinsa gadi ne, amma gadi mai sharaɗi. Idan ƙarfe ya wadata a cikin ƙwayar, sai ya maƙale a jikin Fur, siffar Fur ta canja, ya samu damar kama DNA a wani ɗan wuri na musamman da ke gaban ƙwayoyin gadon neman ƙarfe. Yana zaune a nan, injin kwafa ba ya wucewa, ƙugiyoyi da ƙofofi su tsaya. Idan ƙarfe ya ragu, sai wanda ke jikin Fur ya saɓule, Fur ya kasa riƙe DNA ya tashi, hanya ta buɗe, a shiga ƙera kayan nema. Ƙarfe na shigowa ya taru, mai gadi ya koma mazauninsa. Abin da ake nema shi da kansa yake rufe ƙofar nemansa, ba a buƙatar wani mai sa ido daga waje. Irin wannan mazaunin Fur ba guda ɗaya ba ne, a E. coli yana gaban gomman ƙwayoyin gado, don haka tashinsa sau ɗaya yana buɗe su gaba ɗaya.

Masanin Jamus Klaus Hantke, a garin Tübingen, shi ya bayyana Fur a E. coli a 1981, bayan ya samu ƙwayoyin da mai gadinsu ya lalace, suna ta jawo ƙarfe ko da sun ƙoshi. A 1987 Anne Bagg da J. B. Neilands, a Berkeley ta jihar California, suka nuna a fili cewa sai da ƙarfe Fur yake kama DNA. A 2002 kuma Eric Massé da Susan Gottesman suka ƙara wani gefe na labarin: idan Fur ya tashi, ana ƙera wani ɗan guntun RNA mai suna RyhB, wanda ke dakatar da ƙera furotin ɗin da ke cin ƙarfe amma ba dole ba ne a same su yanzu. Duk matar da ta taɓa riƙe gida a ƙarshen wata ta san wannan: a aika yaro nema, a kuma rage tukunya.

Ga inda abin ya shafi lafiya kai tsaye. Tun da jikin mutum wuri ne da aka ɓoye ƙarfe, ƙarancin ƙarfe ya zama alamar da ke sanar da ƙwayar cuta cewa ta shiga jiki. Don haka a ƙarƙashin mai gadin ba kayan neman abinci kaɗai aka ajiye ba, har da makamai. Dafin Shiga, na ƙwayar da ke kawo atini mai jini, yana ƙarƙashin Fur. Dafin mashaƙo kuma yana ƙarƙashin wani mai gadin irinsa.

Mashaƙo da ƙwaya mai lamba 8

A ƙarshen ƙarni na 19, mashaƙo yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara a New York, musamman a gidajen haya masu cunkoso inda baƙi 'yan ci-rani suke zaune. Wata fata-fata mai ruwan toka takan toshe maƙogwaron yaro, dafin kuma ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi. A Turai an riga an ga ƙwayar a 1883, an raino ta a 1884, Émile Roux da Alexandre Yersin sun nuna a 1888 cewa dafinta ne ke kisa, Emil von Behring kuma ya nuna cewa jinin dabbar da aka saba wa jikinta da dafin yana ɗauke da makarinsa. Abin da ya rage shi ne a samu makarin da yawa. Hanyar ita ce a riƙa yi wa doki allurar dafi kaɗan-kaɗan, sannan a ɗebi ruwan jininsa. Wannan kuwa sai da dafi mai yawa, mai ƙarfi iri ɗaya kullum.

A 1894, a ɗakin gwaje-gwaje na Sashen Lafiya na birnin New York, wanda William Hallock Park yake jagoranta, wata likita mai suna Anna Wessels Williams ta ware wani nau'in ƙwayar mashaƙo mai zuba dafi fiye da duk waɗanda ake da su a lokacin. A lokacin aikin sa-kai take yi, ba ta da albashi. Aka sa wa nau'in suna Park-Williams mai lamba 8. Da shi birnin ya samu makari mai yawa da araha, har aka riƙa ba likitoci kyauta domin marasa hali. Nau'in ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma har yau zuriyarsa ce masana'antu da yawa suke rainowa don yin allurar riga-kafin mashaƙo. Yaron da aka yi wa allura a Bronx da wanda aka yi wa a Nima ko a Fagge, mai yiwuwa ne asalin abin da ke cikin kwalbar ɗaya ne.

Amma masu rainon ƙwayar sun daɗe suna fama da wani abin ɗaure kai: ƙwaya ɗaya, yau ta ba da dafi mai yawa, gobe kaɗan. A 1936 Alwin Pappenheimer da Sylvia Johnson, a jihar Massachusetts, suka nuna cewa ƙarfe ne sanadi. Idan ya yi ƙaranci a ruwan raino dafi yana yawa. Idan aka ɗan ƙara shi, ƙwayar ta yi ɓulɓul amma dafi ya ragu ƙwarai. A 1941 Pappenheimer ya koma makarantar likitanci ta Jami'ar New York, inda ya ci gaba da bin diddigin wannan alaƙa kafin ya tafi Harvard a 1958.

A tsakiyar waɗannan shekaru wani sabon abu ya ɓullo. A 1951 Victor Freeman, a Seattle, ya gano cewa ƙwayar mashaƙo ba ta yin dafi sai wata bairas mai kama bakteriya ta shige ta. Lane Barksdale da Pappenheimer sun zurfafa wannan bincike a New York. Daga baya aka tabbatar cewa umarnin ƙera dafin a cikin DNA ɗin bairas yake. Mai gadin kuwa na bakteriyar ne. An ware ƙwayar gadonsa a 1990 a ɗakin binciken John Murphy a Boston, aka sa masa suna DtxR. Zubinsa ya bambanta da na Fur, amma ɗabi'arsu ɗaya: da ƙarfe a jikinsa yana zaune a gaban umarnin dafi da na ƙugiyoyi, babu ƙarfe ya tashi. Makamin na baƙo ne, makullin na mai gida.

A maƙogwaron yaro, inda laktoferin ya riƙe ƙarfe, DtxR yana tashi, dafi ya fara zuba. Dafin yana shiga ƙwayoyin jikin mutum ya tsayar da injin da ke ƙera musu furotin, su mutu. Masana da yawa na ganin ribar bakteriyar a nan ita ce ƙarfen da ke tsiyayowa daga matattun ƙwayoyin. Su kuma masu yin riga-kafi sun juya wannan hali ya yi musu aiki: suna rainon ƙwayar cikin ruwa mai ƙarancin ƙarfe don ta zuba dafi, sannan su kashe kaifin dafin da sinadarin fomalin, hanyar da Gaston Ramon ya fito da ita a Faransa a shekarun 1920. Abin da ya rage shi ne ake yi wa yara allura da shi.

Tarin fuka a First Avenue

Ƙwayar tarin fuka 'yar uwar ta mashaƙo ce, kuma mai gadinta, IdeR, ɗan uwan DtxR ne na kusa. New York tana da dalilin damuwa da ita: cutar ta dawo birnin da ƙarfi a ƙarshen shekarun 1980, ta kai ƙololuwa a 1992 da mutum 3,811, da yawansu ɗauke da nau'in da ba ya jin magani.

A cibiyar bincike ta Public Health Research Institute, wadda take lamba 455 a First Avenue a Manhattan kafin ta koma Newark a 2002, Issar Smith da Marcela Rodriguez da abokan aikinsu suka warware aikin IdeR. A 2001 suka nuna cewa hannu biyu gare shi. Idan ƙarfe ya wadata yana rufe umarnin ƙera maikobaktin, wato ƙugiyar ƙwayar tarin fuka, a lokaci guda kuma yana buɗe umarnin ƙera rumbunan ajiya, don a kulle rarar kada ta yi ɓarna. A 2002 suka nuna cewa ƙwayar ba ta iya rayuwa yadda ta saba idan babu IdeR. Wannan ya dace da zaman da take yi, domin a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki take ɓuya, wurin da jiki ke ƙoƙarin hana ta ƙarfe.

Tambayar da ta biyo baya a fili take: idan aka hana ta ƙera ƙugiya fa? A 2005 Luis Quadri na makarantar likitanci ta Weill Cornell da Derek Tan na cibiyar Sloan Kettering, duka a Manhattan, suka fito da wani sinadari mai suna salicyl-AMS wanda ke toshe matakin farko na ƙera ƙugiyar, a ƙwayar tarin fuka da ta annobar ɓera. Sinadarin gwaji ne, ba maganin da ake ba mara lafiya ba. Wanda ya isa asibiti ta wata hanyar ya bi. Cefiderocol, na kamfanin Shionogi na Japan, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da aka ɗaura masa irin kan ƙugiya. Ƙwayar da yunwar ƙarfe ta sa ta buɗe ƙofofinta sai ta jawo shi ciki da kanta. Ana ajiye shi ne don cututtuka masu taurin kai da sauran magunguna suka kasa.

Ba a rasa mai fita daga layi. Ƙwayar cutar Lyme, wadda kaska ke yaɗawa a dazuzzukan jihar New York da maƙwabtanta, ta yi watsi da ƙarfe kusan gaba ɗaya, manganis take amfani da shi. Ɓoye mata ƙarfe ba ya damunta.

Inda abin ya zo gida

Kada wani ya karanta wannan ya ce to a bar shan maganin ƙarin jini. Ƙarancin jini cuta ce ta gaske, yana raunana mai ciki da jaririnta, yana kuma hana yaro girma da fahimta. Wadda likita ya gwada ya rubuta mata ƙarfe ta sha. Abin gudu shi ne sha ba gwaji, da ɗura wa yaro mai zazzaɓi ruwan ƙarin jini daga kanti don an ga ya yi fari. A wani babban gwaji da aka yi a tsibirin Pemba na Tanzaniya, wanda aka buga a 2006, yaran da aka ba ƙarfe ba tare da tantancewa ba sun fi kwanciya a asibiti, a wurin da maleriya ta yi katutu. Ƙwayar maleriya ba bakteriya ba ce, amma ita ma da ƙarfe take rayuwa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a yanzu ita ce a ba yara ƙarfe a irin waɗannan wurare tare da kariya daga maleriya da maganinta.

Masu ciwon sikila matsalarsu ta ɗaya gefen ce. Wanda ake yawan ƙara wa jini, ƙarfe yana taruwa a jikinsa, domin jiki ba shi da hanyar fitar da rara. Rarar tana lalata hanta da zuciya, tana kuma ba wasu ƙwayoyin cuta abin da suke nema a sauƙaƙe. Ɗaya daga cikin magungunan da ake cire ƙarfen da su, deferoxamine, shi kansa ƙugiya ce da aka samo daga wata bakteriyar ƙasa mai suna Streptomyces pilosus. Akwai wata ƙwayar ciwon hanji, Yersinia enterocolitica, da ta iya karɓar ƙarfe daga wannan ƙugiyar ta aro, shi ya sa ake gaya wa mai amfani da maganin ya ga likita da wuri idan ya samu zazzaɓi da ciwon ciki ko gudawa. Mai sikila kada ya sha maganin ƙarfe sai gwaji ya nuna yana buƙata. Ƙarancin jininsa daga fashewar ƙwayoyin jini yake, ba lallai daga rashin ƙarfe ba.

Mashaƙo kuwa bai zama tarihi ba. Daga ƙarshen 2022 ya ɓarke a arewacin Najeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, dubbai suka kamu, ɗaruruwa suka rasu, mafi yawansu yaran da ba su kammala riga-kafi ba. A 2023 ya taɓa jihar Damagaram a Nijar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana kashe bakteriyar, amma ba ya janye dafin da ya riga ya shiga jini. Wannan sai makari, wanda har yanzu daga jinin doki ake samunsa kamar zamanin Anna Williams, kuma ba ya wadata a duniya. Makarin ma dafin da bai shiga ƙwayoyin jiki ba kaɗai yake kamawa, don haka yaron da ke da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wahalar numfashi ba a kwana da shi a gida.

A Ghana da Najeriya riga-kafin mashaƙo yana cikin allurar penta da ake yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14. A Amurka ana yi a wata na 2, na 4 da na 6, a ƙara tsakanin wata 15 zuwa 18, a ƙara tsakanin shekara 4 zuwa 6, sannan a shekara 11 ko 12. Ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, don haka manya ma ana so su sabunta duk shekara 10, a haɗe take da ta tetanus. Mai shirin kai iyali gida hutu ya duba katin yaransa da nasa kafin ya yanki tikiti.